Tara tsofaffin jaridun da suka kawo labarin bore

Wannan wani reshe ne na harkar tara kayan tarihi, inda mutum ke neman ainihin jaridar da ta fito a kwanakin da aka yi wani tawaye, ba wadda aka sake bugawa daga baya ba. Cikin waɗanda ake nema akwai na juyin juya halin Faransa a 1789, da boren bayin da Nat Turner ya jagoranta a Amurka a 1831, da tawayen Indiya na 1857, sai boren Ista na Dublin a 1916.

Abin mamaki sau tari jaridar 1789 ta fi ta 1916 lafiya, dalili kuwa takarda ne, a da da tsumman auduga da lilin ake yin ta, daga wajen 1870 aka koma markaɗaɗɗen itace mai asid, shi ya sa take yin ɗorawa ta riƙa karyewa a hannu.

Amma babban abin lura shi ne bakin wa ke magana a ciki. Akasarin abin da ya tsira jaridun masu mulki ne irin su The Times da Illustrated London News, su kuma labarin Indiya sai ya yi makonni a hanya kafin ya iso Landan, kuma da idon Turawa aka rubuta shi. Na ɓangaren masu boren su ne ke wuyar samu, gaskiya su ne ma suka fi taɓa zuciya. Delhi Urdu Akhbar ta goyi bayan tawayen 1857, Turawa suka kashe editanta Maulawi Muhammad Baƙir a shekarar. Irish War News ta masu boren Dublin kuwa shafi huɗu ce kacal, fitowa ɗaya ta yi, ran 25 ga Afrilu 1916 ana cikin ɓarin wuta.

Jabu na da yawa. Boston Gazette ta 12 ga Maris 1770, mai zanen akwatunan gawa huɗu na mutanen da sojojin Ingila suka harbe a Boston ta Amurka, an sha sake buga ta, don haka masu harkar kan duba irin takardar da tawadar, a jaridun Ingila kafin 1855 har da jan hatimin haraji.

Wajen adanawa a shimfiɗe ake ajiye jarida cikin fayil marar asid, nesa da rana da laima, ba a manna mata salatif, laminatin kuwa lalata ta yake yi gaba ɗaya.