Dalilan da ke sa ƙasa ta ƙi shiga haɗakar siyasa

Tambaya: Mece ce haɗakar ƙasashe, kuma ina ta bambanta da tarayya?

Amsa: Haɗaka yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe masu cin gashin kansu, inda suke damƙa wasu al'amura kamar tsaro da hulɗa da ƙasashen waje ga hukuma guda, alhali kowace tana riƙe da gwamnatinta. A tsarin tarayya kuwa, gwamnatin tsakiya tana mulkin jama'a kai tsaye, tana kuma karɓar haraji daga hannunsu.

Tambaya: Tunda kowace ƙasa tana riƙe da ikonta, me ake tsoro?

Amsa: Abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke faruwa daban, musamman idan ƙaramar ƙasa ta haɗa kai da babba. Haɗakar Senegambiya, wato ta Senegal da Gambiya, ta isa misali. An kafa ta a 1982, bayan da sojojin Senegal suka murƙushe yunƙurin kifar da gwamnatin shugaban Gambiya, Dawda Jawara, a 1981, wato Gambiya ta shiga ne da bashin alheri a wuyanta. Yarjejeniyar ta bai wa shugaban Senegal, Abdou Diouf, shugabancin haɗakar, Jawara ya zama mataimaki, sannan kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa suka tafi Senegal. Da Gambiya ta nemi a riƙa karɓa-karɓa a shugabancin, sai Senegal ta janye sojojinta, haɗakar ta watse a 1989. A ganina wannan ita ce hujja mafi nauyi, domin kashin kaji ba ya gamuwa da na giwa a ce rabo ya zo daidai.

Tambaya: Tattalin arziki fa, ba ya ƙaruwa da haɗin kai?

Amsa: Ba kullum ba. Gambiya ta dogara ƙwarai da shigo da kaya a kan haraji mai sauƙi ana sake fitar da su zuwa maƙwabta, kuma daidaita kuɗin fito da na Senegal zai kashe wannan ciniki, shi ya sa ta yi ta jan ƙafa a kan haɗe kwastan da kuma barin kuɗinta na dalasi.

Tambaya: Akwai masu suka daga ɗaya ɓangaren, waɗanda ke ganin haɗaka ta yi rauni da yawa?

Amsa: Akwai. Daga 1781 zuwa 1789 jihohin Amurka 13 sun zauna a ƙarƙashin irin wannan tsari, majalisarsu ba ta da ikon sanya haraji, sai dai ta roƙi jihohi kuɗi, su kuma su bayar in sun ga dama, ga bashin yaƙin neman 'yanci ya yi mata katutu, kuma gyara yarjejeniyar sai da amincewar kowace jiha. Daga ƙarshe suka koma tarayya, kamar yadda Suwizalan ta yi a 1848. Masu adawa suna cewa wanda ya shiga haɗaka, ko dai ya ga rushewarta, ko ya wayi gari cikin tarayyar da bai nema ba.

Tambaya: Idan abin bai yi daɗi ba, ai sai a fice?

Amsa: Fita tana da sharuɗɗa. Lokacin da Montenegro ta nemi ficewa daga haɗakarta da Sabiya a 2006, an gindaya cewa sai masu goyon baya sun kai kashi 55 cikin ɗari na ƙuri'un raba gardama, kuma da kashi 55.5 ta tsallake.