Waiwaye: Asalin Taƙaddamar Yin Wicca a Kaɗaice ko Cikin Ƙungiya

Har yau mabiya addinin Wicca a Amurka da Birtaniya ba su gama jayayya kan tambaya ɗaya ba: wanda ya karanta littafi a ɗakinsa, ya kunna kyandir ya ɗaukar wa kansa alkawari, shi ma ɗan Wicca ne, ko kuwa sai wata ƙungiya ta shigar da shi? Da yawa suna ɗora laifin abin a kan intanet. Ni kam ina ganin maganar ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin Birtaniya a Malaya, shi ya fito da addinin fili a 1954, shekara 3 bayan an soke dokar hana tsafi a Birtaniya. Tsarinsa na asiri ne: ƙaramar ƙungiya wadda bisa al'ada ba ta wuce mutum 13, matakai 3 na shiga, namiji ya shigar da mace, mace ta shigar da namiji, sannan littafin ibada kowa ya kwafa da hannunsa. Sunan da suke kiran kansu mukan fassara shi da "mayu", amma babu batun kamun kurwa a ciki. Wata allahiya suke bautawa da wani abin bauta mai ƙaho, da bukukuwa 8 a shekara.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne farkon shekarun 1970. Raymond Buckland, wanda aka shigar a Sikotland a 1963, ya buɗe ƙungiya a Long Island da ke jihar New York. Da jaridu da talabijin suka ɗauki labarin, masu neman shiga suka yi yawa. To, a yi lissafi: ƙungiya ta mutum 13, horon sabon shiga kuma shekara guda da kwana ɗaya, a ƙasa mai faɗin Amurka. Wanda ke wani ƙauye mai nisan kwana biyu a mota, wa zai shigar da shi? Ba ƙin malamai mutane suka yi ba, malaman ne ba su wadata ba.

Na cikin gida ne suka fara buɗe ƙofar. Wajen 1970 su Joseph Wilson da Ed Fitch suka haɗa Pagan Way, suka rubuta tsarin ibada wanda kowa zai iya kwafa ba tare da rantsuwar asiri ba. A 1973 Buckland da kansa ya kafa reshen Seax-Wica, ya yarda mutum ya shigar da kansa. A 1978 Doreen Valiente, wadda Gardner ya shigar da hannunsa a 1953, wadda kuma ta tsara da yawa daga addu'o'in addinin, ta buga yadda mutum zai yi hakan shi kaɗai. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai: masu salsala mafi ƙarfi su ne suka tausaya wa waɗanda ke tsaye a waje.

Saboda haka lokacin da Scott Cunningham ya fitar da littafinsa na masu ibada a kaɗaice a 1988, ya tarar an riga an share masa hanya. Binciken addinai na ARIS ya ƙiyasta 'yan Wicca 8,000 a Amurka a 1990, ya samu 342,000 a 2008. Babu yadda ƙananan ƙungiyoyi za su horar da wannan adadi.

'Yan ƙungiya suna da hujja da bai kamata a raina ba: akwai abin da sai a gaban malami ake koya, kuma mai gyara maka kuskure ya fi shafin littafi. Na kaɗaice kuwa cewa suke yi alkawarinsu tsakaninsu ne da abin bautarsu. Helen Berger, masaniyar zamantakewa da ta daɗe tana nazarinsu, ta gano cewa masu yi su kaɗai sun zama mafi rinjaye, amma da yawansu suna hulɗa da 'yan uwansu, wasu har sukan je manyan bukukuwa su shiga da'irar ibada ɗaya da 'yan ƙungiya.