Cinikin Gaibu

Cinikin gaibu wani ra'ayi ne a fannin nazarin yanke shawara, wanda ke cewa ɓangarori biyu na iya ƙulla yarjejeniya har su cika ta, alhali ba su taɓa haɗuwa ba, ba saƙo tsakaninsu, kuma ba wanda ke da ikon hukunta wani idan ya saɓa. Sunan da masana suka ba shi da Turanci yana nufin ciniki marar sila. Abin da ke riƙe da shi shi ne kowane ɓangare ya san yadda ɗayan ke tunani, sanin da zai sa ya iya faɗin abin da zai zaɓa. Idan akwai abin da na farko ke so a yi a wurin na biyu, na biyu ma haka, sai kowa ya yi wa ɗan'uwansa, don ya lissafa cewa zaɓinsu a ɗaure yake da juna. Ra'ayin ya taso ne tsakanin masana falsafa da lissafi a Amurka da Birtaniya, daga baya masu binciken ƙirƙirarriyar basira suka ɗauke shi.

Bambancinsa da cinikin bebaye

Ana iya rikita shi da tsohon labarin nan na cinikin bebaye. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa fataken Kartaj, wani tsohon birni a Afirka ta Arewa, kan jibge kaya a gaɓar tekun Afirka, su tayar da hayaƙi, su koma jirgi. Mutanen ƙasar su zo su ajiye zinariya su ja baya, a yi ta ƙari har a daidaita. Cadamosto, ɗan Venis da ya zo Afirka ta Yamma a 1455, ya kawo irin wannan labari game da gishiri da zinariya a ƙasar Mali. Wasu masana tarihi na shakkar ko hakan ya taɓa faruwa. Ko ma ya faru, hayaƙin da tulin kayan saƙo ne, kuma wanda ya yi cuta bana ba zai sami abokin ciniki baɗi ba. A cinikin gaibu duka biyun babu.

Tarihi

Tushen matsalar ya daɗe. A 1740 masanin falsafa David Hume ya kawo misalin manoma biyu: hatsin ɗaya ya nuna yau, na ɗayan sai gobe. Da za su yi gayya, da kowa ya amfana. Amma wanda ya kamata ya fara taimakawa ya san ba abin da zai tilasta wa maƙwabcinsa ramawa gobe, sai ya ƙi, dukansu suka yi asarar girbi.

A 1950 Merrill Flood da Melvin Dresher na cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka suka sa matsalar cikin lissafi, Albert Tucker kuma ya yi mata rigar labari: fursunoni biyu a ɗaki daban-daban, kowa an ce masa ya tona asirin ɗan'uwansa a rage masa hukunci. Ko me ɗayan ya yi, tonawa ta fi riba ga mutum shi kaɗai. Amma idan duka suka tona, sun fi shan wuya fiye da a ce sun yi shiru. Shekara goma bayan haka Thomas Schelling ya nuna cewa mutane na iya daidaitawa ba magana. Ya tambayi mutane inda za su nemi wani a birnin New York idan ba a faɗi wuri ko lokaci ba, da yawa suka ce tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, da ƙarfe 12 na rana. Sai dai a nan bukatar mutanen ɗaya ce, ba mai cin riba da saɓawa.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne wasan akwatuna biyu, wanda William Newcomb, masanin kimiyyar fiziks, ya ƙirƙira wajajen 1960, Robert Nozick ya wallafa a 1969. Akwati ɗaya na gilashi ne, ana ganin dala 1,000 a ciki. Na biyu a rufe yake. Akwai wani mai hasashe da da wuya ya yi kuskure: idan ya hango za ka ɗauki rufaffen kaɗai, ya riga ya zuba dala 1,000,000 a ciki, idan ya hango za ka kwashi biyun, ya bar shi fanko. Ya gama aikinsa ya tafi kafin ka shigo. Wasu suka ce a kwashi biyu, tun da abin da ke ciki ya riga ya tabbata. Wasu suka ce a ɗauki ɗaya, tun da masu ɗaukar ɗaya su ke fita da miliyan. Nozick ya lura cewa kusan kowa na ganin amsar a fili take, amma mutane sun rabu kusan biyu, kowane ɓangare na ganin ɗayan wauta yake yi. A 1979 David Lewis ya ce wannan wasa da na fursunonin abu ɗaya ne, ba cinya ba ƙafar baya: abokinka da ke ɗaya ɗakin, in dai tunaninku iri ɗaya ne, shi ne mai hasashenka.

Douglas Hofstadter ya kai maganar ga jama'a a 1983 cikin mujallar Scientific American. Hujjarsa ita ce, idan mutane masu hankali iri ɗaya suka fuskanci tambaya ɗaya, amsa ɗaya za su samu, kamar yadda ɗalibai biyu a gari daban-daban ke samun amsa ɗaya ga lissafi ɗaya. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce wace amsa ce ta fi idan kowa ya bayar da ita. Ya gwada wasan fursunonin, amma na kuɗi, da abokansa 20, ya hana su tuntuɓar juna. Da duk sun haɗa kai, kowa zai sami dala 57. Da duk sun juya baya, dala 19. Shida kaɗai suka haɗa kai, 14 suka juya baya, abin da bai yi masa daɗi ba.

Batun cika alkawari

A nan ne ra'ayin ya fi kusa da rayuwar mutane. A 1984 Derek Parfit ya kawo misalin mutumin da motarsa ta mutu a hamada cikin dare. Wani direba ya tsaya, shi kuwa ya yi alkawarin lada mai tsoka idan aka kai shi gida. Matsalar ita ce fuskarsa ba ta ɓoye ƙarya. Idan shi mai son kansa ne zalla, ya san da zarar ya isa gida ba shi da dalilin biya, zai ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta. Direban ya karanta haka a fuskarsa, ya ja motarsa. Wanda zai tsira shi ne wanda da gaske zai biya bayan bukata ta riga ta biya, lokacin da biyan ba zai ƙara jawo masa komai ba. Watau kuɗin da zai ba da gobe su ne farashin ceton da aka yi masa jiya, duk da cewa gobe ba ta iya zama silar jiya.

Gregory Kavka ya kawo makamancin haka a 1983: za a ba ka dala miliyan ɗaya idan da tsakar daren yau kana da niyyar shan wata guba gobe da rana, gubar da ke sa ciwon yini ɗaya amma ba ta kisa. Kuɗin na shiga da safe, ko ka sha ko ba ka sha ba. Shin mutum na iya ƙudura niyyar abin da ya san ba shi da dalilin aikatawa? David Gauthier, a 1986, ya tsaya kan cewa hankali na wajabta wa mutum ya ɗaure kansa da halin cika alkawari, muddin mutane na iya gane halin juna ko da sama-sama.

Shigar kwamfuta

Fuskar mutum na iya yaudara, amma manhaja ana iya karanta ta layi-layi. A 2004 Moshe Tennenholtz ya nuna cewa manhajoji biyu da ke ganin rubutun juna na iya haɗa kai a wasan fursunoni, ta hanyar umarni mai sauƙi: idan rubutunsa irin nawa ne, in haɗa kai. A 2014 wasu masu bincike suka faɗaɗa shi ga manhajojin da ba iri ɗaya ba, da taimakon wata ƙa'idar lissafi da Martin Löb ya tabbatar a 1955. Gary Drescher a 2006, Wei Dai a 2009, da Eliezer Yudkowsky a 2010 sun gabatar da hanyoyin yanke shawara da ke ɗaukar zaɓi a matsayin amsar lissafi, wadda ke fitowa a duk inda ake gudanar da lissafin. A wajajen waɗannan shekaru ne sunan cinikin ya yaɗu. Caspar Oesterheld ya kai shi matuƙa a 2017, da shawarar haɗin kai tsakanin masu hankali da ke sassan duniyoyi da ba za su taɓa riskar juna ba.

Suka

Masu suka na cewa daidaituwar zaɓi ba ta sa zaɓinka ya canza komai a wurin ɗayan ɓangaren. A ƙuri'un jin ra'ayin masana falsafa na 2009 da 2020, masu kwasar akwati biyu ne suka fi yawa. Wasu na cewa abokan cinikin da ake iya ƙiyastawa ba su da iyaka, buƙatunsu na cin karo, kuma ba mahalukin da ya san tunanin wani har haka. Akwai kuma fargabar cewa ƙofar da ciniki ya bi, barazana ma na iya bi. Misalin da ya fi suna shi ne na wani mai rubutu a intanet mai suna Roko a 2010, na wata na'urar nan gaba da za ta azabtar da waɗanda ba su taimaka aka gina ta ba. Akasarin masu goyon bayan cinikin gaibu sun yi watsi da shi, da hujjar cewa wanda ya kafe kan ƙin biyan kowace irin barazana bai bar wa na'urar wata riba a azabtar da shi ba.