Waiwaye: Daga Shekara Biyar Zuwa Kwana 47, da Asabar Ɗin da Aka Manta

Tun watan Afrilun 2025 da CA/Browser Forum, zauren da ya haɗa masu ƙera burauza da kamfanonin bayar da satifiket ɗin tsaro na intanet (shaidar da ke tabbatar wa burauza cewa shafi na gaskiya ne), ya amince a rage wa'adin satifiket, ƙura ba ta lafa ba tsakanin masu kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. Jadawalin a fili yake: daga 15 ga Maris 2026 babu satifiket ɗin da zai wuce kwana 200, daga 15 ga Maris 2027 kwana 100, daga 15 ga Maris 2029 kuma kwana 47. Wasu na kukan an jibga musu aiki rana tsaka, wasu na cewa ai manhajar sabuntawa za ta ji da komai. Dukkan ɓangarorin sun tsallake wani abu, domin maganar ta daɗe tana tafe, kuma ainihin raunin yana cikin abin da tsarin sa ido yake kallo.

Farkon labarin sananne ne. SSL, tsarin ɓoye bayanan da ke kai-komo tsakanin burauza da shafi, ya fito a tsakiyar shekarun 1990, TLS ya gaje shi a 1999. A 2012 aka kafa ƙa'idar da ta tsayar da wa'adi a wata 60, a 2015 ya koma wata 39, a Maris 2018 kwana 825, a Satumba 2020 kwana 398. Ɓarakar Heartbleed ta 2014, wani rauni a manhajar tsaro ta OpenSSL da zai iya fallasa makullan sirri, ta nuna cewa soke satifiket ɗin da makullinsa ya fita ba ya isa ga kowace na'ura a kan lokaci, shi ya sa gajarta wa'adi ya zama maganin da aka fi yarda da shi. A ƙarshen 2015 mai bayar da satifiket Let's Encrypt ya fara bayar da na kwana 90 kyauta, tare da hanyar sabuntawa ta atomatik mai suna ACME.

A tsawon waɗannan shekaru sa ido bai wuce ƙidayar kwanaki ba. Ana rubuta ranar ƙarewa a kalanda, ko a jira imel ɗin tunatarwa daga mai bayarwa. Wanda ya ci gaba shi ne mai manhajar sa ido ta Nagios da ya saka check_http -C 30,14, wato gargaɗi in saura kwana 30, ƙararrawa in saura 14. Wannan binciken satifiket ɗin sabar kaɗai yake karantawa. Shekaru da dama hakan ya wadatar, har ranar Asabar 30 ga Mayu 2020.

Kafin a gane abin da ya faru ranar, sai an tuna cewa satifiket ba ya tsayuwa shi kaɗai, salsala gare shi. Na sabar ya samu sa hannun wani na tsakiya, na tsakiyar ya samu sa hannun na tushe, shi kuma na tushen yana ajiye cikin rumbun amintattu na waya ko kwamfuta. Kowane ɗaya a salsalar da ranar mutuwarsa. Na tushe kan kai shekara ashirin ko fiye, shi ya sa ba mai waiwayarsa.

AddTrust External CA Root irin wannan tushen ne. An samar da shi a shekarar 2000 da wa'adin shekara 20, kuma ranar ƙarewarsa tana rubuce a jikinsa tun ranar farko. An daɗe da tanadar magada, ciki har da USERTrust RSA wanda zai kai 2038. Sai dai tsofaffin na'urori ba su san sabon tushen ba, don haka aka sa tsohon ya sa hannu a kan kwafin sabon, ya zama kamar dattijon da ya tsaya wa baƙo a gari. Wannan kwafin mai sa hannun aro yana cikin ƙunshin salsalar da sabobi masu ɗimbin yawa suke aikawa, kuma rana ɗaya zai mutu da tsohon tushen.

Da ƙarfe 10:48 na safe agogon GMT wa'adin ya cika. Burauzoji na zamani ba su ko girgiza ba, domin suna da USERTrust a rumbunsu, sai suka bi gajeriyar hanya suka yi watsi da mataccen kwafin. Manhajojin da ke kan tsofaffin sigogi irin OpenSSL 1.0 da wasu sigogin GnuTLS kuwa hanya ɗaya suke bi, wadda ta kai su ga mataccen tushen, can suka tsaya. Abin da ya faɗi shi ne hirar na'ura da na'ura: manhajar kiran shafi ta curl ta riƙa dawo da kuskure mai lamba 60, kiran API (buƙatar da wata manhaja ke aika wa wata) ya yanke, ayyukan da aka tsara su gudana da kansu suka tsaya shiru. Injiniya ya buɗe shafin a burauza ya ga kwaɗo a rufe lafiya, ya duba satifiket ɗin sabar ya ga saura watanni, ya dubi allon sa ido ya gan shi kore shar. Duk ukun gaskiya suka faɗa masa, amma babu wanda ya amsa tambayar da ta dace.

Gyaran kansa bai fi minti goma ba ga wanda ya gane. A ɓangaren sabar, a buɗe fayil ɗin salsala, a cire kwafin mai sa hannun aro, a sake loda manhajar yanar gizon. A ɓangaren mai kira, a kan tsarin Linux na Debian da danginsa, a sa alamar ! a gaban layin AddTrust cikin /etc/ca-certificates.conf, a gudanar da update-ca-certificates. Ganewar ce ta ci sa'o'i, saboda kayan aikin da aka dogara da su ba su taɓa kallon wurin ba.

A ganina wannan ranar ce ta raba tsohon zamani da sabo, fiye da kowace ƙuri'ar rage wa'adi. Ta tabbatar da cewa tambayar "yaushe satifiket ɗina zai ƙare?" guntuwa ce. Cikakkiyar ita ce: wace salsala sabar ke aikawa yanzu, wane ne zai fara mutuwa a cikinta, kuma wace irin na'ura ce ke bin ta? Abin ya maimaita kansa ranar 30 ga Satumba 2021 da DST Root CA X3, tsohon tushen da ya tsaya wa satifiket ɗin Let's Encrypt, ya ƙare. An yi shelar watanni, an kuma yi dabarar da ta kare wayoyin Android da ba su kai siga 7.1.1 ba, duk da haka sabobin da ke kan OpenSSL 1.0.2 sun sake tuntuɓe a dutse iri ɗaya.

Wasu kayan sa ido sun ɗauki darasin. A blackbox_exporter, abin gwajin shafi daga waje na manhajar sa ido ta Prometheus, akwai ma'auni biyu. probe_ssl_earliest_cert_expiry yana ba da ranar wanda zai fara ƙarewa cikin duk abin da sabar ta aiko, probe_ssl_last_chain_expiry_timestamp_seconds kuma yana ba da ranar da salsala mafi tsawon rai za ta mutu. In ranakun biyu suka bambanta, akwai wani tsohon abu a ƙunshin da zai kayar da tsofaffin na'urori ya bar sababbi. Wanda ba shi da Prometheus zai iya ganin haka da hannu ta openssl s_client -connect tare da -servername da -showcerts, sannan ya miƙa kowane satifiket ga openssl x509 -noout -enddate. A tsofaffin sigogin OpenSSL, ko in an kira sabar da adireshin IP, rashin saka -servername kuskure ne da ya zama ruwan dare: sabar mai ɗauke da shafuka da yawa za ta miƙo satifiket ɗinta na farko, a yi ta auna wanda ba shi ake nufi ba.

Sabuntawa ta atomatik ba ta kashe buƙatar sa ido ba, wurin ciwon kawai ta sauya. Certbot, manhajar sabuntawa, zai iya karɓo sabon satifiket ya ajiye a faifai, amma nginx, manhajar da ke miƙa shafin, ya ci gaba da miƙa tsohon da ke ƙwaƙwalwarsa har sai an sake loda shi, aikin da --deploy-hook ke yi. Mai duba fayil zai ga sabo, baƙo zai ga tsoho, don haka awon dole ya zo ta hanyar sadarwa kamar yadda baƙo ke zuwa. In sabobi huɗu ne a bayan na'urar raba lodi, a auna kowace da adireshinta, kada uku su rufa wa ta huɗu asiri. Ba tashar 443 ta shafukan yanar gizo kaɗai za a auna ba, akwai 465 da 993 na imel, 587 mai buƙatar -starttls smtp, da 636 na LDAP, kundin sunayen masu amfani. Satifiket ɗin cikin gida ma haka: waɗanda manhajar kubeadm ke yi wa Kubernetes, tsarin tafiyar da manhajoji a kan tarin sabobi, shekara ɗaya suke yi, kuma babu wani na waje da zai tuna wa kowa. Ko Let's Encrypt ya daina aika imel ɗin tunatarwa tun Yuni 2025.

Sai lissafin da kwana 47 zai tilasta. Gargaɗin kwana 30 zai riƙa kaɗawa a rana ta 17 ta kowane lafiyayyen satifiket, kuma ƙararrawar da ke kaɗawa kullum ba a daɗewa ake toshe mata kunne. In ana sabuntawa lokacin da saura kashi ɗaya cikin uku na wa'adi, wato wajen kwana 15, gargaɗin ya kamata ya zo bayan an tabbatar sabuntawar ta gaza: a ce kwana 12, ƙararrawa kuma kwana 7. Mafi tsafta a daina rubuta adadin kwanaki, a auna da kaso, a yi gargaɗi in abin da ya rage bai kai rubu'in tazarar notBefore da notAfter, wato ranar farawa da ranar ƙarewar satifiket, ba. Hakan zai ba da kwana 22 ga na 90, kusan 12 ga na 47, ba sai an taɓa dokar duk lokacin da wa'adi ya sauya ba.

Jadawalin ya kuma rage tsawon lokacin da shaidar mallakar sunan shafi ke aiki zuwa kwana 10 a 2029. Ke nan kusan kowace sabuntawa sai an sake tabbatar da mallaka, sau goma sha biyu a shekara ga kowane satifiket. Tashar 80, wadda ake bi wajen tabbatar da mallakar, in an rufe ta a katangar tsaro, ko makullin shiga DNS (kundin sunayen shafuka) da ya ƙare, zai tsayar da sabuntawa ba tare da shafin ya nuna alamar komai ba har tsawon mako biyu. Saboda haka sakamakon aikin sabuntawar kansa, ya yi nasara ko ya faɗi da kuma yaushe ya gudana na ƙarshe, yana buƙatar layinsa a allon sa ido, kusa da na salsalar.