An ce ina da ciwon hanta, to yanzu ya zan yi?

A ɗakin gwaji nake aiki, kuma tunda aka yi dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024 tambayar ciwon hanta ta ƙi ƙarewa. Kwanaki wani saurayi ya zo min da takardarsa duk ta yamutse a aljihu, ya ce a gida har an ware masa kofi da cokali, ƙannensa sun daina hawa tabarmar da yake sallah. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ga abubuwan da aka fi tambaya ta.

Wai mene ne shi ciwon hantar nan?

Kumburi ne da ƙwayar cuta ke sa wa hanta, likitoci na ce masa hepataitis. Kala biyar ne, A, B, C, D da E. Na A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗauka, yawanci su kan wuce da kansu, sai dai E yana da haɗari sosai ga mai ciki, an gani a ɓarkewar da aka yi a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017. D baya kama mutum sai wanda yake da B. To B da C su ne masu zama a jiki, su ne maganarmu. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da B.

Amma fa ni lafiyata ƙalau, ko ciwon kai bana yi?

Ai nan matsalar take. Hanta akwai haƙuri, sai mutum ya yi shekara ashirin ko talatin da ƙwayar bai ji komai ba, tana ta cin ta a hankali, inda ya yi rauni ya warke ya bar tabo, tabo kan tabo har hantar ta ƙandare ta kasa aikinta na tace jini. Sai a lokacin zaka ga ido ya yi ɗorawa, fitsari kamar ruwan shayi, ciki ya kumbura da ruwa, ƙafa ta hau, wani har aman jini, wani kuma ta juye ta zama ciwon daji, wato kansa. Mutanenmu sai a ce shawara ce ko sammu. Ba kowa ne yake kaiwa nan ba fa, da yawa suna rayuwarsu har tsufa, amma ba a gane waye zai kai sai da bibiya.

Da gaske ne ana ɗauka ta gumi?

A'a. Dan Allah a daina yaɗa wannan maganar, ta raba zumunci ba gaira ba dalili. Ba a ɗaukar B ko C ta gumi, ko musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko sahun sallah. Jini ne hanyar. Askar wanzami da ba a dafa ba, kaho, kaciya, cire belu, reza ɗaya da mai yankan farce zai bi mutum biyar da ita, allurar da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a gwada ba. Ƙwayar B tana iya yin sati guda a busasshen jini bata mutu ba. Sai saduwar aure, sannan babbar hanya a wajenmu, daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa.

Ana warkewa?

C dai alhamdulillahi ana warkewa tas, da magungunan sofosbuvir da daclatasvir na sati 12, sama da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da shi. Masar da a da tana cikin ƙasashen da C ya fi yi wa katutu ta gwada miliyoyin mutanenta ta ba su magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023.

B kuma gaskiya har yanzu babu maganin da yake fitar da shi gaba ɗaya, amma akwai tenofovir da entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, suna danne shi hanta ta huta. Ba kowa ake ɗorawa ba, sai likita ya duba yawan ƙwayar a jini da lafiyar hantar da hoton ciki. In an ɗora ka kar ka yanke da kanka don ka ji sauƙi, yana iya tasowa da ƙarfinsa. Kuma kar ka je kemis ka saya a gaban kanka.

Na gargajiya fa? Akwai masu cewa sati biyu sun wanke shi.

Nan kam raina yana ɓaci. Duk abin da ka sha ta hanta yake bi, hantar da take fama kuma ka ɗura mata jiƙon da ba ka san meye a ciki ba. Na ga sakamakon mutanen da suka dawo bayan sun sha galan guda, hantar ta ƙara wahala, ƙwayar kuma tana nan. A guji giya, a guji shan farasitamol barkatai, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, gubar da ke cikinsu in ta haɗu da B tana ƙara haɗarin ciwon daji.

To aure fa, sai a fasa?

Ba dole ba ne. A gwada ɗayan, in ba shi da shi a yi masa rigakafin B, allura uku, sai a ƙara gwaji a ga ta kama. C ne ba shi da rigakafi.

Inda nake so a fi kula shi ne jarirai. Babba in ya ɗauki B, ƙasa da 5 cikin 100 ne yake zame musu na dindindin, amma jariri in ya ɗauka wajen haihuwa kusan 9 cikin 10 ya zauna kenan. Saboda haka mai ciki ta nemi a gwada ta a wajen awo, jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24, ko a gida aka haihu a ɗauke shi a kai asibiti, kar a ce sai bayan suna. Sauran a sati 6 da 10 da 14. Kuma uwa ta ci gaba da ba shi nononta, ba komai.