Begen tashin matattu a ta'aziyyar Kirista

Begen tashin matattu shi ne imanin Kiristoci cewa Yesu Almasihu zai sake dawowa a ƙarshen zamani, matattu su tashi da jiki, a yi shari'a, Allah kuma ya sabunta sama da ƙasa. A kan wannan imani ake gina ta'aziyya da addu'o'in jana'iza a kusan dukan ɗarikun Kirista. Kalmar "bege" a nan ta fi fata nauyi, domin tana nufin jiran abin da aka yi alkawarinsa. Shaidar bangaskiya da aka kammala a taron Kustantiniya a shekarar 381 ta rufe da sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Ɗaya daga cikin nassoshin da ake karantawa a gidan makoki shi ne 1 Tasalonikawa 4:13-18. Manzo Bulus ya rubuta wasiƙar daga Korinti wajen shekarar 50 ko 51, masana da yawa kuma na ganin ita ce mafi daɗewa a Sabon Alkawari. Abin da ya jawo maganar shi ne mutuwa ta shiga sabuwar ikilisiyar Tasalonika, waɗanda suka rage kuwa suka shiga damuwa cewa 'yan'uwansu da suka riga mu gidan gaskiya ba za su sami rabo a dawowar Almasihu ba. Bulus ya ba su amsa daki-daki: Ubangiji zai sauko da kira mai ƙarfi, da muryar babban mala'ika, da busar ƙaho, waɗanda suka mutu cikin Almasihu su ne za su fara tashi, sannan a ɗauke masu rai tare da su cikin gajimare. Ya rufe da umarnin su yi wa juna ta'aziyya da wannan magana. Bulus bai hana baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege.

A 1 Korintiyawa 15 ya kwatanta gawa da iri da ake shukawa: ana binne shi cikin ruɓa da rauni, yana tashi cikin ɗaukaka da iko. Yohanna 11 ta nuna Yesu yana gaya wa Marta cewa shi ne tashin matattu da rai, jim kaɗan kuma ya zubar da hawaye a kan mutuwar ɗan'uwanta Li'azaru. Ru'ya ta Yohanna 21:4 ta ce Allah zai share dukan hawaye, mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba.

Ikilisiyar farko

Kiristocin farko sun kira maƙabartarsu da kalmar Girkanci mai ma'anar "wurin barci", domin mai barci ana sa ran zai farka. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma an zana Yunusa yana fitowa daga cikin kifi da Li'azaru yana fitowa daga kabari, an kuma rubuta "cikin salama" a kan duwatsu masu yawa. Daga baya al'adar kwantar da gawa ƙafafunta na gabas ta yaɗu, don mamaci ya tashi yana fuskantar inda ake sa ran Almasihu zai bayyana.

Malaman wancan zamani ba su zama baki ɗaya a kan kuka ba. A lokacin annobar da ta abka wa daular Roma wajen shekarar 252, Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya gaya wa jama'arsa cewa mamatansu ba ɓata suka yi ba, gaba suka yi, don haka bai dace a sa baƙaƙen kaya a nan ba alhali su suna sanye da farare a can. Agustin, wanda daga baya ya zama bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya gwada bin irin wannan tafarki lokacin da mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya a shekarar 387, tana da shekara 56. Shi ya rufe mata idanu. Ɗansa ya fashe da kuka aka tsawatar masa, shi kansa kuma ya danne hawaye har aka gama binnewa, ya je gidan wanka ko zai sami sauƙi, bai samu ba. Sai da ya farka daga barci shi kaɗai ya saki hawayen a gaban Allah, ya kuma roƙi duk mai ganin laifinsa da kada ya yi masa dariya. Wannan labari ya fi maganar Sifiriyan kusa da abin da Bulus ya rubuta.

A wurin jana'iza

Littafin addu'o'in Angilikan na 1552 ya sa limami ya miƙa gawa ga ƙasa cikin tabbataccen begen tashi zuwa rai madawwami, ana zuba ƙasa a kan gawar yayin da yake faɗin haka. Katolika suna ajiye kyandir ɗin Ista kusa da akwati, su yayyafa ruwa mai tsarki don tuna baftisma. Cocinsu ya halatta ƙona gawa a 1963, amma umarnin 2016 ya ce a adana tokar a wuri mai tsarki, kada a watsa ta. Otodoks suna addu'ar tunawa a rana ta 3, ta 9 da ta 40, su kawo dafaffiyar alkama da aka zaƙaƙa da zuma ko sukari, saboda maganar Yohanna 12:24 cewa ƙwayar alkama sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya.

Saɓani

Katolika sun yarda da tsarkakewa bayan mutuwa, suna kuma yi wa matattu addu'a, musamman ranar 2 ga Nuwamba. Yawancin Furotesta sun ƙi. 'Yan Adbentis na cewa mamaci bai san komai ba har ranar tashi. Koyarwar fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama kafin babban tsanani na ƙarshen zamani, ta yaɗu ne daga mai wa'azi John Nelson Darby a shekarun 1830, kuma tsofaffin ɗariku ba su karɓe ta ba.

Inda ake kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Mai ta'aziyya ya iso ranar farko ya ce wa matar mamaci ta daina kuka tunda mijinta yana sama, sai ta ji kamar hawayenta rashin bangaskiya ne, ta ɓoye su, nauyin ya ƙaru. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka tare da masu kuka, shi ya sa gogaggun fastoci ke fara zama shiru da iyalin, su bar dogon bayani zuwa wa'azin jana'iza da ziyarar makonnin baya, lokacin da baƙi suka watse.

Kuskure na biyu shi ne sa ranar dawowar Almasihu. Mabiyan mai wa'azi William Miller a Amurka sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba abin da ya faru, da yawansu suka karaya. Markus 13:32 ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba.

A bakin Kiristoci masu jin Hausa

Tun bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, waɗannan nassoshi sun shiga ta'aziyyar yau da kullum a ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN da EYN. Ana cewa mamaci "ya yi barci cikin Ubangiji", a ce wa iyalinsa "Allah ya ta'azantar da ku". Zumuntar mata kan taru a gidan makoki su rera waƙoƙin tashin matattu kafin ranar binnewa.