Ƙudajen da ke shan jinin tsuntsayen daji

Ƙwarin dangin ƙuda masu shan jinin tsuntsaye sun haɗa da sauro, musamman jinsin Culex, da baƙaƙen ƙudaje na dangin Simuliidae, da ƙananan ƙudajen Culicoides, da kuma ƙudajen Hippoboscidae. A dangi ukun farko mace kaɗai ke cizo, domin da jini take haɗa ƙwai. Namiji ruwan furanni yake sha.

Gashi shi ne garkuwar tsuntsu, don haka macen da ke cizo kan nemi inda fata take a fili: gefen ido, gindin baki da ƙafafu. Numfashin tsuntsu da ɗumin jikinsa da warinsa ne ke jawo su. Sauro yakan huda fata ya tsotsa, galibi daga magariba zuwa cikin dare, lokacin da tsuntsaye suka kwanta. Baƙin ƙuda kuwa da rana yake farauta, yana yanka fatar ne ya lashe jinin da ya taru. Wasu nau'o'insa suna da tsananin zaɓe. A Arewacin Amurka, nau'in Simulium annulus kan yi wa wasu tsuntsayen tafki rubdugu yayin da suke kwanci, har su gudu su bar ƙwai a sheƙa.

Dangin Hippoboscidae daban suke. Jikinsu a baje yake, suna kutsawa cikin gashi su zauna, kuma mace da namiji duk suna shan jini. Akwai ma ƙudajen wani dangi dabam waɗanda tsutsarsu ce mai cizo: a tsibiran Galapagos, tsutsar Philornis downsi takan ɓuya a ƙasan sheƙa da rana, da dare ta hau 'ya'yan tsuntsu, ta kashe da dama daga cikinsu.

Sau da yawa cutar da cizon ke ɗauke da ita ta fi asarar jinin muni. Baƙaƙen ƙudaje na yaɗa ƙwayar cutar jini mai suna Leucocytozoon, Culicoides da Hippoboscidae na yaɗa wata mai suna Haemoproteus, sauro kuma zazzaɓin cizon sauro na tsuntsaye. A tsibiran Hawai, inda jiragen ruwa suka kai sauro a ƙarni na 19, cutar ta taimaka wajen ƙarar da tsuntsayen tsibiran da yawa, waɗanda suka rage kuma mafi yawansu sun tsira ne a dazuzzukan kan tsaunuka, inda sanyi ke hana sauro yaɗuwa.